Yadda Muka Rufa wa Clive Asiri

Thornsgill, farkon Satumba

Norris,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da tumakin mutane da iskar tsibirin nan naku da ka ce tana iya cire wa mutum hula har da kan. Ni lafiya lau, in ban da gwiwar nan ta dama da ta mai da ni mai hasashen yanayi, kafin ruwa ya sauko ta riga ta ba ni labari. Likita ya ce in rage tsayuwa. Na ce masa to ya zo ya tsaya mini a gaban tukunya. Kunnen ma yana nan yadda ka bar shi, don haka kada ka sake ce mini in riƙa kiranka a waya. Rannan da muka gwada, kai kana ihu daga ƙarshen duniya, ni ina ta "na'am?" har layin ya gaji da mu. Takarda ta fi mini.

An koma makaranta, kicin ya cika da hayaniya, ni kuwa haka nake so. Ka san ban haifa ba, amma rabin mutanen kwarin nan da ludayina suka girma, har da masu gemu.

To ga abin dariya. Misis Harker, shugabar makarantarmu, ta leƙo kicin jiya ta ce wai doka ta ce duk mai aiki a makaranta sai an horar da shi a kan cin zarafin yara da rashin kula da su, kuma a riƙa sabunta horon. Na ce ai malamai take nufi. Ta ce a'a, kowa da kowa: ni, da Wilf mai kula da gini, da Beryl mai tuƙa bas ɗin yara. A shekarun baya takarda kawai ake miƙo mana mu sa hannu cewa mun karanta, mu kuwa mu sa. Bana an ce sai an zaunar da mu a aji, a kan kujerun yara, wata mata daga ƙaramar hukuma ta zo ta koya mana. Ka ji fa! Ni da na fara fere dankali a makarantar nan tun kafin a haifi ita mai koyarwar, ni za a koya wa gane yaro mai jin yunwa. Wilf ya ce shi ranar zai kamu da mura. Misis Harker ta ce to murar ta zo da shi, don wanda bai zauna ba ba zai koma bakin aiki ba.

Na ga ƙanenka Clive ranar kasuwa, daga nesa. Ya ɗaga mini hannu ya wuce. Ya rame, amma tun rasuwar matarsa Lorna ai ba ya da jiki, kuma wa ke ƙiba a kan tudun nan? 'Yarsa Nessa kuwa tana nan da wayonta, ta shiga aji na gaba. Ka ga cin abinci! Duk makarantar ba wanda yake faranta mini rai kamarta. Faranti biyu take tashi da su, ta sake dawowa ta ce ko akwai sauran burodi. Na ce jinin kakarku Ada ne, ita ma an ce ba ta barin komai a kwano. Kakata Edith kuwa, ƙanwarta, tsinci-tsinci take yi kamar kaza, ni ban san inda na gado nawa ba.

Ka rubuto, kada ka tsaya sai an gama askin tumaki.

'Yar'uwarka,
Glenda


Falkland ta Yamma, Oktoba

Glenda,

Takardarki ta iso da jirgin da ya kawo mana gishirin dabbobi, na karanta ta a tsaye. Ina lafiya, sai bayan nan da yake tuna mini cewa ni ba yaro ba ne. Ki bi maganar likita ko da rabi ce. Na san ba za ki bi ba, amma na faɗa, na fita haƙƙi.

Nan bazara ta shigo, tumaki suna ta haihuwa, iska kuwa ba ta san an canza wata ba. Mai gonar mutumin kirki ne, matarsa kuma ba ta iya girki ba. Kada ki gaya wa kowa na faɗa. Duk ranar da ta kawo mana naman rago da ya bushe kamar takalmi sai in tuna naki mai dankali a sama.

Na yi dariya har da tari da na hango ki a kujerar yara, gwiwa a haɓa. Ki ce wa Wilf ya tafi da matashi. Ni dai a ganina irin wannan doka don mutanen birni aka yi ta, inda mutum yake shekara bai san sunan wanda ke bayan bangonsa ba. Mu a Thornsgill wa zai taɓa yaro a rasa wanda ya sani? Kafin uba ya ɗaga hannu labari ya kai coci. Ki je ki zauna, ki sha shayinsu, ki karɓi takardar shaida ki rataye kusa da ludayi.

Clive ba ya amsa mini. Na rubuta, na kira, wayar tana ta ƙara a gidan ba mai ɗauka. Ban damu sosai ba, kin san shi, magana a wurinsa kamar cire haƙori ce. Amma tunda kin ce ya rame, ki ɗan riƙa sa masa ido, ba tare da ya gane ba. In ya gane zai janye kamar kunkuru. Na ji daɗin labarin Nessa. Yaron da yake ci ai ba abin da ke damunsa.

Ki gaishe da Beryl, ki ce mata har yanzu ban yafe mata karen da ta kusa take mini ba.

Naki,
Norris


Thornsgill, ƙarshen Oktoba

Norris,

Na sami taka, na gode, kuma ina fata bayan ya lafa. Ni ƙalau nake a jiki. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, wannan ba ta karantawa a tsaye ba ce.

An yi horon. Matar da aka turo yarinya ce siririya mai sanyin murya, na raina ta tun daga ƙofa, ba zan ɓoye maka ba. Ta yi ta bayani a kan duka da zagi da sauran abubuwan da ba na so in rubuta, ni kuwa hankalina yana kan kek ɗin da na bari a tanda. Sai ta zo kan rashin kula. Ta ce shi ne ya fi wuyar ganewa, don ba ya barin tabo, kuma sau da yawa iyayen ba mugaye ba ne, ƙarfi ne ya ƙare musu. Daga nan ta rufe littafinta ta dube ni.

"Misali a ce akwai yaron da kullum yake zuwa da yunwa," in ji ta, "me za ki yi?"

Na ce, "Me zan yi kuwa? In ƙara masa mana. Wannan ma sai an zo daga gari an koya mini?"

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ta juya wurin Wilf. "Kai fa, yaro ya zo da kaya a jiƙe, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba?"

"In shanya a ɗakin injin ɗumama," in ji Wilf. "Kafin a tashi sun bushe. Jar rigar sanyin nan ma har maɓalli na sa mata."

Sai Beryl, ka san ta, ba a tambaye ta ba ta ce, "Ni in na zo bakin hanya ban ga yaro ba, hawa nake yi har ƙofar gona in yi hon. Ko da yake ramukan hanyar tudun nan sun kusa cinye mini taya."

Norris, jar rigar sanyi ɗaya ce a makarantar nan, ta Nessa ce. Hanyar tudu mai ramuka kuma ka san ta, a kanta ka koyi tafiya. Dariyar ta mutu a bakin kowa. Na dubi Wilf, Wilf ya dubi Beryl, Beryl ta dubi takalminta.

Mai koyarwar nan ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ban tambaye ku suna ba, kuma kada wanda ya faɗa a nan. Abu ɗaya nake so in sani. Misis Harker ce doka ta ɗora wa karɓar irin wannan magana a makarantar nan. Akwai wanda ya taɓa gaya mata ko ɗaya daga ciki?" Fuskar Misis Harker ta ishe mu amsa. Sai ta ce, "Ba wanda ya ce ku daina ciyarwa ko shanya. Ba a kuma ce ku yi bincike ko ku yanke wa kowa hukunci ba. Abin da aka ɗora muku shi ne ku faɗa, don a sami mutum ɗaya da ya ga abin gaba ɗayansa."

Ka san halinmu a kwarin nan. Ka ga katangar maƙwabcinka ta zube, ka tsaya ka jera masa duwatsun ka wuce. Ba za ka faɗa ba, shi ma ba zai gode ba, don in ya gode ya yarda ke nan ka ga gazawarsa. Da haka aka raine mu, kuma ni ina alfahari da shi. To haka muka yi wa Clive, mu uku, kowa da nasa gefen, kowa yana zaton ɗan abin da ya gani shi ke nan.

Da aka tashi muka haɗu a kicin, kek ya ƙone. Wilf ya ce, "A bar kaza cikin gashinta, Glenda. Clive bai taɓa ɗaga wa yarinyar nan hannu ba."

Na ce, "Wa ya ce ya ɗaga?"

"In kika buɗe baki ɗauke ta za su yi," in ji Beryl, tana hawaye. "Mutumin da ya binne matarsa, a raba shi da 'ya kuma?"

Na ce, "To ke ranar da bas ɗinki ya lalace, wa zai hau ya yi hon? Ranar da gwiwata ta kwantar da ni, wa zai ƙara mata?"

Tsoro ya kama ni sosai, kada ka yi zaton jarumta ce. Amma na cire rigar girki na shiga ofishin Misis Harker na faɗi nawa. Da na fito na tarar da su biyun a bakin ƙofa suna jiran layi.

Misis Harker ta kira ma'aikatar kula da yara, ta kuma kira Clive. Ni kuwa na ce ba zan ɓuya a bayan kowa ba, washegari na hau tudu na same shi a rumbun ciyawa na ce masa ni na fara magana. Ya yi mini wani irin kallo. Ya ce, "Ke da muka haɗa jini?" Na leƙa kicin ɗinsa da zan fita. Murhu a sanyaye, Norris, kuma ba na ranar ba ne.

Wata ma'aikaciya ta zo ta zauna da su. Yanzu dai Nessa tana kwana a wurina. Uban ne ya kawo ta da kansa, ya ajiye jakarta a ƙofa, ya juya ya tafi. Zan rubuto in abin ya lafa, yanzu ga ta can tana nemana in duba mata lissafi.

Glenda


Falkland ta Yamma, Nuwamba

Glenda,

Ina lafiya. Ina fata ke ma haka.

Na karanta, kuma ban san da wane baki zan yi miki magana ba. Cewa na yi ki sa masa ido, ban ce ki kai shi gaban hukuma ba. Wata yarinya daga gari ta yi muku wasan tambaya na rabin yini, shi ke nan kin manta wane ne Clive? Mutumin nan ya yi jinyar matarsa shi kaɗai, ya binne ta, washegari ya fita ya ba tumaki ciyawa. In murhunsa ya yi sanyi, ai hura masa za a yi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kakanninmu sun ga yunwa da dusar ƙanƙara da ta rufe gidaje, ba su taɓa kai maganar gida ofis ba.

Yanzu ga shi an raba shi da 'yarsa. Kuma a ina aka ajiye ta? A gidanki. Zan faɗa ko da ba za ki so ba: ki tambayi zuciyarki ko tausayin Nessa ne ya kai ki ofishin nan, ko kuwa ɗakin nan naki da ya daɗe ba kowa a ciki.

Ina nan a ƙarshen duniya da almakashi a hannu, ba abin da zan iya. In wani abu ya sami ƙanena, kin san inda zan nemi bayani.

Norris


Falkland ta Yamma, Janairu

Glenda,

Ina gaishe ki, in har za ki karɓi gaisuwata. Ina fata gwiwar ba ta matsa miki da sanyin nan ba. Ni lafiyata ƙalau, kunya ce kawai take cina.

Kirsimeti ya wuce ban ga katinki ba, karo na farko tun da na bar gida. Jirgi ya zo ya koma, ya sake zuwa, ba komai. Na cancanta.

Ranar sabuwar shekara na sake kiran gidan Clive, ba don ina sa ran za a ɗauka ba. Sai ga muryar Nessa. Ta ce, "Kawu Norris, Baba yana soya ƙwai, ya ce ka jira kada ya ƙone." Ashe tana gida tun kafin Kirsimeti. Da ya zo na fara zuba, ina cewa zan nemi lauya, zan yi kaza, zan yi kaza. Ya bar ni na gama. Sai ya ce, "Wa ya ce maka ƙwace ta aka yi? Tambayata aka yi ko akwai inda nake so ta zauna kafin in ga likita in dawo hayyacina, na ce wurin Glenda. Ina kuma zan kai ta?"

Na koma na ɗauko takardarki. Ga shi nan da hannunki, uban ne ya kawo ta da kansa. Idona ya tsallake layin, don na riga na yanke hukunci tun daga saman shafi. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, ni da nake nesa na fi kowa iya rufin asiri.

Maganar ɗakin nan kuwa, ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Na san inda zai yi miki zafi, shi ya sa na taɓa wurin. Ki yafe mini. In ba za ki iya yanzu ba, ki rubuto ko zagi ne, zan karanta a zaune.

Clive bai gaya mini sauran ba. Ya ce in tambaye ki, shi bakinsa ba zai iya ba.

Ɗan'uwanki, ko da wawa ne,
Norris


Thornsgill, farkon Maris

Norris, kai dattijon banza,

Na karɓi gaisuwarka. Ina lafiya, gwiwa ta sha sanyi amma ta tsallake, dusar ƙanƙara ta fara narkewa daga kan katangu. Ka kula da bayan nan naka, za a neme shi.

Zan faɗi nawa sau ɗaya in wuce. Maganarka ta yi mini ciwo ƙwarai. Na yi kuka a kanta, kuma na ji haushin kaina da na yi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne akwai ɗan ƙanƙanin gaskiya a ciki: na ji daɗin zaman yarinyar nan a gidana, na ji daɗin takalmanta a bakin ƙofa, kuma ranar da ta koma gidan ya yi mini faɗi. Amma ba don haka na shiga ofis ba, kuma ni na haɗa mata jaka da hannuna. Na ɗauki biro sau da yawa na ajiye, don abin da yake fitowa bai dace da mace mai zuwa coci ba. Yanzu ya wuce. Na yafe, kada ka sake.

Ga abin da Clive ya kasa gaya maka. Ma'aikaciyar nan, wata mai haƙuri da ba ta yi kama da dodon da Beryl ta zana mana ba, ta zauna da Nessa suna zane. Can ta ce mata, "An ce ke ce gwanar cin abincin Anti Glenda." Sai yarinyar ta ce, "Ai ba ni kaɗai ba ce. Rabi na Baba ne."

Ashe faranti na biyun nan da nake ta yi maka alfahari da shi, a takarda take naɗe shi ta cusa a aljihun riga. Wilf ya ce ya sha ganin maiƙo a aljihun, ya ɗauka ƙazantar yara ce. Uban yana fita tun da sassafe, ya dawo ya zauna a kujera da takalmansa ya yi ta kallon bango, ba girki, ba ci. Ita ce take ajiye masa a gabansa. Don kada ya ƙi, sai ta ce masa, "Anti Glenda ta ce a kawo maka." Shi kuwa ya yarda. Ya ɗauka na ga halin da yake ciki ina taimakonsa a ɓoye, irin namu, shi ya sa bai taɓa ce mini komai ba, ko a kasuwa sai ɗaga hannu. Shi ya sa kuma da na hau tudu ya yi mini kallon nan: a zatonsa na daɗe da sani, na gaji da ciyar da shi ne na kai ƙara. Ka ga inda shirunmu ya kai mu. Yarinya 'yar shekara takwas ce kaɗai ta san komai, ita take riƙe da gidan, mu manya muna ta yaba wa kanmu.

A taron da aka yi a ofishin Misis Harker aka gaya masa. Ya sa hula ya rufe fuskarsa. Ranar wanka ba a ɓoye cibi, daga nan ya yarda ya ga likita. An ce ciwon damuwa ne, an ba shi magani, kuma yana zuwa wani zama da manoma irinsa suke yi a bayan kasuwar dabbobi. Ya ce ba abin da suke yi sai shan shayi da zagin farashin ulu, amma bai taɓa fashi ba. Ma'aikaciyar tana leƙo su lokaci lokaci. Ba a warke ba tukuna, akwai ranakun da yake komawa kujerar nan, sai dai yanzu Nessa ta san wa za ta gaya wa, kuma ba aikinta ba ne ta gyara.

Mu ma ba mu daina namu ba. Beryl tana hawa tudu, Wilf yana shanya, ni ina zubawa. Bambancin kawai yanzu muna faɗa. Wilf ma ya zama sarkin kai rahoto, rannan ya je ya gaya wa Misis Harker wai wani yaro ya zo da safa kala biyu. Ta ce ta gode, ta rubuta. Nessa kuwa ta fara raina mini girki. Shekaranjiya ta ture karas gefe ta ce na Babanta ya fi daɗi. Ƙarya take yi, amma na ƙyale ta.

Clive ya daɗe bai yi mini magana ba, ko bayan ya san gaskiya. Ban matsa ba. Sai jiya da rana, ina wanke tukwane, na ji an ƙwanƙwasa ƙofar baya ta kicin. Shi ne, da takalman gona, yana juya hula a hannu.

"Glenda."

"Clive. Kada ka shigo mini da taɓo."

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce, "Ranar Alhamis ina da likita a gari, daga nan zan biya kasuwa. Ba zan dawo da wuri ba. Ina so ki riƙe mini Nessa."

Na ce, "To. Kawo ta."

Bai tafi ba. Na ce, "Da saura?"

"Kina rubuta wa Norris?"

"In na ga dama."

Ya dubi tudu, ya dubi hularsa. Ya ce, "Tumaki za su fara haihuwa tsakiyar Afrilu. Bara ban san yadda na fita ba. Ki ce masa in sun gama aski a can, ya zo. Ki ce masa ba zan iya ni kaɗai ba."

Tun da aka haife ni a kwarin nan ban taɓa jin namiji ya faɗi haka da bakinsa ba, da rana tsaka, a ƙofar kicin. Na ce masa zan faɗa, na juya na ci gaba da goge tukunyar da na riga na goge har ya tafi.

To ga shi na faɗa maka, da kalmominsa, ban ƙara ba ban rage ba. Ka sayi tikiti.

'Yar'uwarka,
Glenda